Garkuwar Iskar Jandarma Rabilu

Da hantsi aka ɗaga tamfol ɗin, aka tarar babu tagar.

Jirgin ƙarami ne, irin na feshin jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye gero tun yana kan kara. A ƙarshen daminar 1967 ya sauka a wani fako gabas da Birnin Konni, injinsa yana tari, bai sake tashi ba. Matuƙinsa, wani nasara mai jan gemu, ya lulluɓe goshin jirgin da tamfol, ya ɗauki wani talaka mai suna Bawa gadi, ya hau mota ya tafi Yamai neman ƙarfen da ya lalace. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka shiga roron wake, nasara shiru. Awaki suka saba da inuwar fukafukan. Wata kaza ta yi ƙwai a gindin taya har ta ƙyanƙyashe. Masu wucewa kasuwa suka daina juyowa su dube shi.

Ranar da nasaran ya dawo da ƙarfensa a buhu, ya yaye tamfol, sai ga rami a gefen hagu inda tagar matuƙi take. Ya yi ihu da Faransanci har awakin suka watse. Kafin azahar Bawa yana kaso.

Ajidan Mas'udu, shugaban jandarmomin Konni, mutumin gabas ne, ba ya son doguwar magana. Ya kira Rabilu, ɗaya daga jandarmominsa.

"Nasara ya kai ƙara a rubuce. Motar da ke kai masu laifi Tawa za ta tashi kashegarin kasuwa. In ba ka kawo mini wani ɓarawon ba, da maigadin za ta tashi."

"To, Ajidan."

Rabilu ya hau baburinsa ya nufi fakon. A kwanakin nan babu wanda bai san babur ɗin ba a Konni, saboda garkuwar iskar da aka ɗaura masa a gaba. Wani faifai ne garai-garai mai ɗan lanƙwasa, ana ganin hanya ta cikinsa kamar ta cikin ruwan rijiya, an naɗe bakinsa da baƙar roba. Kafin a sa shi, Rabilu ya sha wuya. Yawon aikinsa daga Konni zuwa Malbaza ne, wani lokaci har Badaguishiri, iska tana dukan ƙirjinsa, ƙwari suna faɗa masa ido. Idonsa na dama ya yi ja, kullum yana zubar da ruwa, ga tari da ya ƙi barinsa. Tun da aka ɗaura garkuwar, iskar sai ta rabu biyu ta bi ta kafaɗunsa ta wuce. Idon ya fara washewa.

Ya jingine babur ɗin a inuwar fiffike, ya hau taya ya duba ramin.

Abu na farko da ya lura da shi, kusoshin da ke riƙe da tagar duk suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ba kwance ta aka yi ba, yanke ta aka yi, aka bar siririn baki kewaye da ƙarfen. Tagar ba gilashi ba ce irin na fitila, wata roba ce mai tauri da ake gani ta cikinta. Bakin da aka bari ya yi baƙi-baƙi, ya yi ƙuraje. Rabilu ya shafa, ya sunsuna yatsansa. Ƙauri.

Ya sauko ya shiga 'yar rumfar Bawa. Tabarma, buta, ƙwaryar shan ruwa a kife, murhu a bakin ƙofa. Ya tona tokar da kara. A ƙarƙashinta ya tsinci wasu ɗigo-ɗigo da suka daskare kamar ƙaro a jikin itace. Ya ƙulle su a gefen hankicinsa. A kan wannan murhun aka gasa wuƙar da ta yanke tagar.

Ya ɗaga ƙwaryar ya juya ta. Ta taɓa tsagewa, an ɗinke ta, ɗinkin sabo ne. Ya ɗan daɗe yana kallonsa, sannan ya kife ta yadda ya same ta. Ya san hannun da ya yi ɗinkin, amma wannan ba abin mamaki ba ne. Rabin ƙoren ƙasar Konni sun bi ta hannun nan.

A kaso ya tarar da Bawa a tsugune, ya haɗa kai da gwiwa.

"Wa yat taho wurin jirgi?"

"Babu kowa, ranka shi daɗe, sai awaki."

"Awaki sunka hura wuta, sunka gasa wuƙa?"

"Ni dai ban ga kowa ba."

"Ka taɓa barin wurin?"

"Ko sau guda. Nan nika kwana, nan nika wuni."

"To kai ka yanke ta ke nan."

Bawa ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla. "In yi mi da ita? Ɗakina ko taga babu."

Rabilu ya bar shi ya nufi bayan tasha, wurin Cindo. Duk motar da ta mutu a hanyar Dogon Dutsi ko ta Madawa, a hannun Cindo take ƙarewa, ƙarfe-ƙarfe. Ya same shi zaune kan wata tsohuwar kujerar mota yana shan fura.

"A'a, mai garkuwa! Bismilla."

"Alhamdu lillahi. Ka ji an yi sata wurin jirgi?"

"Na ji, har na ji haushi."

"Haushin mi?"

"Haushin sakarcin ɓarawon mana. Mutum shi iske jirgi sukutum, ga batir, ga tayu, ga jan waya cike da ciki, shi bar su shi ɗauki taga? In da ni na tahi, wallahi sai dai nasara shi iske inuwa."

"Ka shirya zuwa ke nan."

"Na yi tunani, ban ɓoye maka ba. Amma abin da ke tashi sama, gwamnati na da ido kansa. Ni motar ƙasa ta ishe ni." Ya ajiye ludayi. "Kuma ka ce da wuta anka yanke? Wa ke wagga wahala? Ga sukundireba, kwance kusa huɗu biyar ka ɗauke ta lahiyarta lau, ka ƙetara da ita Sakkwato. Wanda ya yi aikin ga bai taɓa riƙa sukundireba ba."

Rabilu ya bincike shagon duk da haka, bai sami kome ba. Amma maganar ta zauna masa. Ɓarawon ba ɗan ƙarfe ba ne. Bai ɗauki abin sayarwa ba. Abu guda ya zo nema, ya yanke shi da irin kayan aikin da ya saba da su.

Da la'asar matar Bawa ta kawo masa abinci a ƙofar buro, wato ofishin jandarmomi. Rabilu ya buɗe akushin kamar yadda doka ta ce. Ɗanyen wake ne sabon roro, an dafa da kanwa. Ya kai masa da kansa, ya tsuguna gabansa.

"Waken gonarka?"

"I, ranka shi daɗe."

"Wa ya rore maka shi? Ɗiyanka ƙanana ne, matarka na goyo. Nuna min hannunka."

Bawa ya miƙa tafukansa a hankali. Duk sun yi kaushi, ga ƙaiƙayin kowar wake a tsakanin yatsu. Ya sunkuyar da kai.

"Na tahi. Wake na hwashewa a gona, nasara bai aiko ko gaisuwa ba. Na ce jirgin da ya yi wata da watanni bai motsa ba, ina za shi? Ranar wata kasuwa na tahi tun da asuba, sai da na kwana biyu na komo."

"Mi ya hana ka hwaɗi tun da sahe?"

"Kunya. An ba ni amana na bar ta. Kuma…"

"Kuma mi?"

"Kar ka yi min dariya. Wurin ga akwai mutanen ɓoye. Ƙwaryata ta shan ruwa, a tsage na bar ta, tana yoyo. Da na komo na iske ta a ɗinke, an wanke ta an kihe. Itacen da na bari an ƙone, amma an aje min wani sabon ɗauri madadinsa. Ɓarawo na yin haka? Tun ran nan ban ƙara leƙa ƙarƙashin tamfol ba."

Rabilu bai yi dariya ba. Ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a bayan wuya. Ya miƙe ya fita.

Baburinsa yana ƙofar buro, rana tana haskawa ta cikin garkuwar. Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Ya tuna ranar da ya samo ta. Ya kai babur ɗin garejin Maikuɗi ne a canza masa sarƙa, da ya dawo ɗauka ya tarar an ɗaura ta. Maikuɗi ya ce kyauta ce daga wani mai son alheri, daga Sakkwato aka kawo, har ladan ɗaurawa an biya. Rabilu bai tambayi ko wane ne ba. Ya ɗauka ɗaya daga fataken da ke ƙetare iyaka ne yake neman a san da shi, kuma ya ga rashin sanin sunan ya fi masa sauƙi. Jandarma ne shi, ya karɓi abu daga hannun da bai gani ba, ya yi ta yawo da shi a gaban fuskarsa gari-gari, yara suna binsa suna tafi.

Ya tura babur ɗin har gareji, bai hau ba.

Maikuɗi yana kwance ƙarƙashin wata mota. Ya fito yana goge hannu, da ya ga fuskar Rabilu sai murmushinsa ya tsaya.

"Kwance ta."

"Wani abu ya samu? Ta yi kyau hwa, ranka shi daɗe, ga idonka har ya…"

"Kwance ta, Maikuɗi."

Maikuɗi ya ɗauko sifana. Ya yi aikin da kyau tun farko: ƙarafa biyu da ya lanƙwasa daga kan babur, wani siririn ƙarfe a kwance ya danne gindin faifan, roba a tsakani don kada girgiza ta fasa shi. Ya sassauta notuna, ya zare faifan ya miƙa. Rabilu ya sa farce ya ɓare baƙar robar da ke bakin, wadda ashe tsohon tiyub ɗin keke ne aka tsaga. Bakin faifan baƙi-baƙi ne, da ƙuraje.

A gindinsa kuma, inda ƙarfe ya rufe, akwai wata 'yar tsaga da ta so ta haura sama. An tare ta. An huda ɗan rami da tsinke mai zafi daidai inda tsagar ta tsaya, don kada ta ci gaba. An huda wasu ƙanana hagu da dama, an ɗinke da zaren kaba, ɗinki a karkace kamar sawun kurciya, ƙullin a ciki. Irin ɗinkin da ke jikin ƙwaryar Bawa.

"Wa ya kawo?"

"An sa ni rantsuwa."

"Akwai mutum a kaso. Jibi za a kai shi Tawa."

Maikuɗi ya dubi ƙasa. "Ni ban san ta jirgi ba ce, wallahi. Na ɗauka wani nasara ya yar. Tsoho ya taho da ita naɗe cikin zane, ran kasuwa. Ya tsaya can bakin hanya, bai ko shigo ba. Ya ce in mai babur ɗin nan ya kawo gyara, in ɗaura mishi. Na ce wane mai babur, Baba, masu babur na da yawa. Ya ce wanda ke tari."

"Bai hwaɗi suna ba."

"Ka san ba ya hwaɗi."

Ya sani. Rabilu ɗan fari ne, kuma a gidajen da suka riƙe al'ada, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ubansa, Jibo mai gyartai na Tsarnawa, mai ɗinkin fasassun ƙore, ya riƙe wannan kunya fiye da kowa. Tun da aka yaye Rabilu aka kai shi ɗakin kakarsa. Ranar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, iyaye suna ɓoye nasu a rumbu, Jibo yana zaune yana ɗinkin ƙwarya, aka wuce da yaron ta gabansa bai ɗaga kai ba. Ranar da ya dawo da kakin jandarma, unguwa ta fito kallo, Jibo ya tashi ya tafi gona. A kasuwar Konni, in Rabilu ya bi ta layin masu ƙore ya gaishe shi, sai tsohon ya amsa wa ƙwaryar da ke hannunsa. Rabilu ya girma yana ganin ko kallonsa mutumin nan bai taɓa yi ba. Ashe har tarinsa yana ji.

"Mayar da ita yadda take," ya ce wa Maikuɗi.

Ya kwana bai gaya wa kowa ba. Hanya a buɗe take in yana so: ya jefa faifan a tsohuwar rijiya, Maikuɗi ba zai yi magana ba, mota ta tashi da Bawa. Ya juya wannan tunani, ya ji kunyar ma da ya bari ya shigo masa. Da gari ya waye ya hau babur ya kama hanyar Tsarnawa.

Ya tarar da uban a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, kewaye da fasassun ƙore, wuta tana ci a ɗan kasko, tsinkayen ƙarfe a ciki. Ya cire hula ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau," in ji Jibo, yana duban ƙwarya.

Barira, uwar Rabilu, ta leƙo daga zaure, ta ga ko wane ne, ta kawo ruwa ta ajiye a tsakaninsu ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ta ba su gefe. Ita ma ba ta kiran sunansa.

Rabilu ya rasa ta inda zai fara. Ya yi tambayoyi ga ɓarayin shanu da masu fasa shago bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi haka ba. Daga ƙarshe ya dubi bedin ya yi magana.

"An yanke tagar jirgin da ke fakon Konni. Mai shi ya komo."

Hannun tsohon ya tsaya.

"Yana da mai shi?"

"Yana da."

"Ba mushe ba ne?" Ya juya wajen matarsa, don ita zai iya kallo. "Barira, kaza na gani ta yi ƙwai ƙarƙashinsa. Na yi sallama, babu kowa. Motocin da ke mutuwa bakin hanya, ba kowa ke ɗibar abin da ya samu ba? Cokalinki ma na jikin mota ne."

"Ana gyaransa, Baba. Zai tashi."

"Zai tashi," in ji Jibo a hankali, kamar an ce masa wani mamaci zai dawo.

"Kuma an kama maigadin. Bawa sunansa. Gobe za a kai shi Tawa."

"Mai ƙwaryar da ke yoyo?"

"Shi."

Tsohon ya zare tsinkayen daga wuta ɗaya bayan ɗaya ya soka su a ƙasa. Ya kife kaskon. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Na ci amanar mutum ina zaune ban sani ba," ya ce. "Barira, ɗauko min rigata ta Juma'a."

"Malam, ka bari a…"

"Ɗauko."

Da ta shiga ciki, Rabilu ya hango randarta ta ƙofar zaure, babba mai faɗin ciki, ya gane inda garkuwar ta samo lanƙwasarta. An binne faifan a yashi mai zafi har ya yi laushi, aka kwantar da shi a bayan randa ya huce. Haka Jibo yake daidaita bakin ƙwaryar da ta karkace.

Tsohon ya fito cikin farar riga ya kama hanya da ƙafa. Rabilu ya tura babur ya bi shi.

"Da nisa, Baba. Rana ta yi."

Jibo ya tsaya. Bai taɓa hawa bayan ɗansa ba, ko kusa da shi bai taɓa zama ba. Ya dubi hanya, ya dubi rana, ya tattara rigarsa ya hau, ya riƙe ƙarfen baya don kada ya taɓa shi.

Suka tashi. Bayan sun wuce gonakin dawa, Rabilu ya ga hannun uban ya fito ta gefen kafaɗarsa ta dama, tafin a buɗe, yana taɓa iska. Hannun ya koma, ya fito ta hagu. Ya daɗe a can.

"Gehen hagu na shigo da iska," in ji tsohon, ba da kowa ba. "Ya so a ƙara mishi yashi."

Rabilu ya ƙura wa hanya ido. Idonsa na dama ya kawo ruwa, na hagun ma haka.

A buro ya kwance garkuwar da hannunsa ya ajiye a teburin Ajidan Mas'udu, ya ajiye ƙwaryar Bawa da ya biya ta fakon ya ɗauko, da ɗigon da ya tsinta a toka. Nasaran yana zaune a gefe. Aka fito da Bawa. Rabilu ya ƙame ya yi bayani, idonsa a bango.

"Ba a kwance kusa ko ɗaya ba, saboda haka ba bakanike ba ne. Ba a taɓa batir ko waya ba, saboda haka ba mai sayarwa ba ne. Da wuƙa mai zafi aka yanke, yadda masu ƙore ke yi. Maigadi ba ya nan ranar, yana roron wake, abin da ya ɓoye ke nan. Wanda ya yi aikin ya zauna jiran wuƙa ta yi ja, ya ga ƙwarya a tsage, hannunsa bai iya barinta ba. Ga ɗinkin ƙwaryar, ga ɗinkin da ke gindin faifan. Hannu ɗaya ne. Faifan kuma a kan babur ɗina yake tun ran nan. An ce min kyauta ce, na karɓa ban tambaya ba. Da shi na je wurin binciken."

Ajidan ya dubi faifan, ya dubi Rabilu, ya juya ga tsohon.

"Malam, sunanka?"

"Jibo. Gyartai nika yi, Tsarnawa."

"Kai ka yanke?"

"Ni na yanke. Wancan bawan Allah bai san kome ba, a sake shi."

"Wa ka yi wa?"

"Wani ne."

"Wane wani?"

Jibo ya dubi ƙasa.

"Malam, a buro kake. Sai na rubuta suna."

"Wani yaro ne na gidanmu," in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Iska na cutarsa."

Ajidan Mas'udu ya buɗe baki zai sake tambaya, sai ya dubi goshin tsohon, ya dubi na jandarmansa, ya ga iri ɗaya ne, ya ajiye alƙalami. Nasaran, da ba ya jin Hausa, ya ɗauki faifan yana bin ɗinkin da babban yatsa, yana tambaya da me aka yi wannan, ba wanda ya fassara masa.

Jibo ya juya wajen Bawa ya durƙusa, tsoho da furfurarsa.

"Ka yahe min. Na ƙone maka itace, na sa an rufe ka."

Bawa ya ruɗe, ya durƙusa shi ma. "Tashi, Baba, don Allah tashi. Ni na bar wurin. Kuma ƙwaryar ba ta ƙara yoyo ba."

A ranar aka saki Bawa, kashegari motar Tawa ta tashi babu shi. Ƙarar nasara kuwa ta riga ta shiga, ba ta fita. Alƙali ya duba tsufan Jibo da yadda ya kawo kansa, ya ce ya zauna kason Konni har a gama sussuka. Rabilu aka rubuta masa laifin karɓar kyauta, aka hana shi ƙarin girman da yake jira. In aikin tsaron kaso ya faɗo kansa, sai ya zauna a waje ya ba ƙofar baya, uban ma ya ba ta baya daga ciki. Matan gari da suka ji inda mai gyartai yake suka riƙa kawo ƙorensu ƙofar kaso, har wurin ya koma kamar layin kasuwa. Sabuwar taga ta zo daga Yamai, jirgin ya tashi wata safiya, kazar da 'ya'yanta suka watse. Faifan ya zauna a kan kabad ɗin buro shekara da shekaru.

Tarin Rabilu ya dawo. Idon ma ya sake ja.

Bayan an saki tsohon da 'yan makonni, Rabilu ya kai babur garejin Maikuɗi a duba masa birki. Da ya dawo ɗauka, ya tarar da mutane sun kewaye shi suna dariya. A kan ƙarafan nan biyu da suka zauna tsirara an ɗaura rabin masaki, wato babbar ƙwaryar da ake auna hatsi, an yanke shi daidai ƙirjin mahayi, ƙasa da ido don kada ya tare hanya. An huda bakinsa an ɗinke da zaren kaba. Gefen hagu ya fi na dama lanƙwasa.

Maikuɗi ya matso yana sosa ƙeya.

"Wannan karon ka tambaya, ranka shi daɗe, in hwaɗa maka. An ce in gaya ma duk mai tambaya, a gonar mai ita ta fito, babu mai ƙara."

"Ban tambaya ba," in ji Rabilu.

Cindo yana cikin masu kallo. "Jandarma mai ƙwarya! In ka iso Malbaza a zuba maka hura a ciki!"

Rabilu ya hau ya tayar. Ranar kasuwa ce, hanyar buro kuma ba ta bi ta layin masu ƙore ba, amma ta nan ya bi, a hankali, yara suna binsa da sowa. Jibo yana zaune a wurinsa da ƙwarya a cinya. Rabilu ya rage gudu ya gaishe shi. Tsohon ya amsa wa ƙwaryar, bai ɗaga kai ba, har sai da ƙarar babur ɗin ta yi nisa.

Sunan jandarma mai ƙwarya ya bi Rabilu har ya bar aiki. Masakin kuwa bai cire shi ba sai da babur ɗin ya mutu.